Aika ɗalibai ɗaukar tarihi wajen 'yan mazan jiya a Legas: ta ina za a fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da Tarihi a wata sakandare a Agege, kuma yawancin ɗalibaina 'ya'yan Hausawa ne haihuwar Legas. A wannan zangon ina so in raba 'yan aji biyar rukuni-rukuni su je wajen tsofaffin sojoji su ɗauko labarin yaƙi daga bakinsu, mu haɗa ɗan kundi na makaranta. Na gwada da yara uku wajen wani dattijo a unguwarmu, sai suka dawo mini da rabin shafi: wai ya ce yaƙi ba kyau, Allah ya kiyaye, shi ke nan. Ta ina zan fara? Wa za mu nema, me za su tambaya, kuma yaya zan yi kada in jefa yaran ko tsofaffin cikin damuwa?"

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya saka miki da alheri a kan wannan niyya. In na fahimce ki, abu uku kike nema: yadda za ki samu mutanen, yadda za su yarda su buɗe baki, da yadda za a riƙe abin da suka faɗa ba tare da an cutar da kowa ba. Na yi shekaru ina irin wannan aiki a Agege da Obalende da Idi-Araba, wani lokaci ni kaɗai, wani lokaci da ɗalibai, don haka zan gaya miki abin da na gani.

Da farko, kada rabin shafin nan ya karya miki gwiwa. Abin da dattijon ya ba yaranki shi ne abin da kusan kowane tsohon soja yake ba baƙo a zuwan farko. Ya shekara hamsin ana tare shi da "Baba ba mu labarin yaƙi", ya kuma lura cewa mafi yawan masu tambayar so suke su ji ƙarar bindiga na minti biyar su tashi. Sai ya tanadi gajeriyar amsa wadda ba ta taɓa masa zuciya, yana miƙa wa kowa. Ainihin labarin yana can ciki, kuma ba ya fitowa sai ga wanda ya dawo sau biyu sau uku, ya nuna ya san wani abu a kan inda aka kai mutumin, ya kuma iya zama ya yi shiru. Duk sauran abin da zan faɗa bayani ne a kan yadda yaro ɗan shekara 16 zai zama irin wannan baƙon.

Su wa suka rage

Ki fara da lissafin shekaru, domin shi zai nuna miki inda gaggawa take. Wanda ya je Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke kira yaƙin Hitila ko yaƙin Bama, in yana da shekara 18 a 1944 to haihuwar 1926 ne. Samun irinsa da rai da cikakken tunani sai an tona ƙwarai. Amma 'ya'yansu suna nan, su ma sun tsufa, kuma a gidaje da yawa akwai lambobin yabo da takardar sallama a ƙasan adaka. Sai waɗanda suka je Kwango tsakanin 1960 da 1964 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, su ma sun yi ƙaranci.

Mafi yawan waɗanda za ki samu 'yan yaƙin basasa ne, wanda aka fara ranar 6 ga Yuli 1967 aka gama ranar 15 ga Janairu 1970. Kafin yaƙin sojan Najeriya duka-duka wajen dubu 10 ne, zuwa ƙarshensa sun kai wajen dubu 250. Wannan ɗibar kurata da aka yi cikin gaggawa ita ce dalilin da ya sa kusan kowace unguwar Hausawa a Legas take da tsohon soja ko biyu: bayan an rage yawan soja, da yawa ba su koma gida ba, suka kama gadi, ko tuƙi, ko saye da sayarwa a Mile 12 da Alaba Rago. Mafi ƙanƙantarsu yanzu ya haura shekara 70. Su ne ya kamata a fara da su, kuma a wannan zangon, ba na gaba ba. Ni kaina akwai sunaye a littafina da na ce sai bayan azumi, na koma na tarar da tabarmar zaman makoki.

Bayansu akwai waɗanda suka je Labanan daga 1978, da 'yan ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, da suka sauka Monrobiya a Agustan 1990, suka kuma shiga Firitawun ta Saliyo a Fabrairun 1998. Waɗannan da sauran ƙarfinsu, tunaninsu garau, sai dai ciwon nasu bai gama warkewa ba. Sojan da ke bakin aiki kuwa, ko wanda ya dawo daga Arewa maso Gabas kwanan nan, ki bar shi. Ba shi da izinin yin magana sai da amincewar na gaba da shi, kuma wannan ba aikin yaran sakandare ba ne.

Wani abu da ake mantawa: kada ki taƙaita a kan Hausawa tsantsa. Hausa ce harshen bariki tun zamanin Turawa, don haka za ki samu Tibi da Angas da Bachama da mutanen Zuru da Barebari da Idoma waɗanda Hausar bariki ce a bakinsu, wasu Kirista wasu Musulmi. Sannan ga mata. Matar soja da ta yi wata talatin a barikin Ikeja ko Yaba tana jiran labari, da magajiyar bariki wadda ita ke shiga ɗaki ta zauna da wadda aka kawo wa mummunan saƙo, suna da tarihin da babu hafsan da ya rubuta shi. 'Yan matan ajinki su ya dace su je wajensu, kuma sau da yawa su ke dawowa da abin da ya fi na kowa nauyi.

Kada yaro ya fita da hannu biyu

Babban dalilin da ya sa hira ke mutuwa shi ne yaron bai san komai ba. Tsoho ya ce "muna Tu Dibishan, aka ce mu ƙetare zuwa Anaca", yaro ya yi masa kallon da ke nuna bai taɓa jin sunan ba, sai tsohon ya ja bakinsa. Don haka ki ware mako biyu a aji kafin kowa ya taka ƙofar wani.

Legas ta ba ki darasin farko kyauta, domin sunayen barikokinta taswirar yaƙi ce. Ki tambayi yaran me ya sa ake ce wa barikin Obalende Dodan, na Yaba Myohaung da An, na Apapa Arakan da Tamandu. Duk sunayen wurare ne a ƙasar Bama inda sojojinmu suka gwabza da Japanawa a 1944 da 1945, a cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan, cikin surƙuƙin daji da duwatsu inda mota ba ta shiga, jirgin sama ke jefo musu abinci da harsashi, mutane kuma su ɗauka a ka. An karɓe Myohaung a Janairun 1945. Abalti da ke Ojuelegba kuwa sunan wuri ne a Habasha, daga yaƙin da aka yi da Italiya a 1941. Har yau rundunar sojan da ke da hedikwata a Legas lambarta 81, ta Inugu kuma 82. Yaron da yake wucewa ta gaban waɗannan ƙofofi a danfo kullum, ranar da ya ji wannan bayani kallon garin ma yakan sauya masa.

Na yaƙin basasa kuma, ki zana musu taswira a allo da manyan rundunoni uku. Ta ɗaya ƙarƙashin Muhammadu Shuwa ta gangaro daga arewa ta Nsukka, ta karɓe Inugu a farkon Oktoban 1967. Ta biyu ƙarƙashin Murtala Muhammad ta fatattaki sojan Biyafara daga jihar Tsakiyar Yamma bayan sun kai har Ore, ta isa Asaba, ta yi asarar mutane da yawa wajen ƙoƙarin ƙetare Kwara zuwa Anaca, sannan aka yi wa ayarin motocinta kwanton ɓauna a Abagana a ƙarshen Maris 1968. Ta uku, ta Benjamin Adekunle, ta bi ta ruwa: Bonny, Kalaba, Fatakwal, kafin Obasanjo ya karɓe ta a Mayun 1969. A barikin Dodan Philip Effiong, wanda ya riƙe shugabancin Biyafara a ƙarshen yaƙin, ya miƙa wuya ga Gowon. Yaro ya san wannan kaɗai, da tsoho ya faɗi rundunarsa zai gane inda ƙafarsa ta taka. Ki haɗa musu da abin da ya jawo yaƙin: juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 da aka kashe Sardauna da Tafawa Balewa da Akintola da hafsoshi irin su Birgediya Maimalari, juyin ramuwa na 29 ga Yuli, da kashe-kashen Ibo da aka yi a garuruwan Arewa a shekarar. Ki faɗa musu duka, kada ki ɗauki rabi ki bar rabi.

Sai kalmomi. Yaran Agege Hausarsu ta sha Yarabanci da Turancin Buroka, tsohon kuma da Hausar bariki ta 1960 zai yi magana. Su san kurtu da farabiti, su san kofur igiya biyu ne saje igiya uku, su san samanja da hafsa, bataliya da kamfani, igwa, fareti, bakin daga, da Daffo ta Zariya inda ake horar da kurata. Na ga tsoho ya gyara zama don kawai yarinya ta tambaye shi a wace shekara ya samu igiyarsa ta biyu.

Ƙofar da za a bi

Kada yara su je kai tsaye. Ki bi ta fadar Sarkin Hausawan unguwar, ko limamin masallacin da tsohon yake salla, ko fastonsa, ko ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion mafi kusa da ku. Amma hanyar da ta fi kowace sauƙi tana cikin ajinki: ki tambaya wa ke da kaka ko maƙwabci tsohon soja. Jika ba ya buƙatar ɗan jagora.

Ke da kanki za ki yi zuwan farko, tare da wani namiji babba da tsohon ya sani, da takarda daga shugaban makaranta. A wannan zama akwai maganar da dole ki faɗa ƙarara, ki kuma maimaita: ba daga gwamnati kuke ba, ba ku da alaƙa da fansho ko garatuti, ba tantancewa kuka zo yi ba. Mutanen nan da yawa sun sha wahalar bin haƙƙinsu, wasu sun yi ta zarya Abuja, wasu an sallame su babu ko sisi. Da sun ga baƙo da biro da takarda sai ransu ya ba su cewa kukansu ne aka ji. In kika bar wannan zato ya zauna, ranar da ya gane gaskiya zai ji an yaudare shi, ya kuma yi gaskiya.

Kuɗi kada ya shiga tsakani. Goro, sukari, sabulu, ɗan lemo, abin da ɗa zai riƙe wa uba in ya je gaisuwa, ya wadatar. Yara su tafi su biyu ko uku, da babba ɗaya a kusa, da rana, da sanin iyayensu a rubuce. Su durƙusa su gaida shi, su kira shi Baba, ko Baba Saje in haka unguwa ke kiransa. Ki zaɓa wa kowane rukuni wanda ke kusa da gidajensu, domin in sai an shiga cunkoson hanyar Oshodi kafin a kai, zuwa na biyu ba zai yiwu ba, alhali zuwa na biyun shi ne aikin.

Yadda zaman yake tafiya

Ni zama uku nake tsarawa. Na farko gaisuwa ce da sanin juna, ba a kunna komai. Na biyu shi ne hirar. Na uku a dawo da abin da aka rubuta, a karanta masa, ya gyara, a cike giɓi. Kowane zama kada ya wuce awa ɗaya, kuma hantsi ya fi, bayan ya karya, kafin zafi da gajiya su sauko masa.

Tambaya kuwa, ƙarama ita ke buɗe babban labari. "Yaya yaƙin ya kasance?" ba ta da amsa sai "ba kyau". Akwai wani tsohon saje da yake gadi a wani gida a Obalende, na zauna da shi sau biyu ban samu komai ba sai addu'ar zaman lafiya. A zama na uku wata ɗaliba da na tafi da ita ta ce, "Baba, ranar da za ka tafi, wa ya raka ka tasha?" Ya yi shiru har na zaci bai ji ba. Sai ya ce babu kowa, domin bai gaya wa mahaifiyarsa ba, ya ce mata zai je cin rani. Ya tashi ya shiga ɗan ɗakinsa na bakin ƙofa, ya fito da wani tsohon gwangwanin madara babba, ya zaro leda a cikin leda, ya warware takardar sallamarsa da ta yi laushi kamar tsumma, da hoto ɗaya: samari huɗu da kaki ya yi musu yawa. Ya ɗora yatsa a kan kowanne yana faɗin garinsu. Daga nan bai tsaya ba sai da aka kira azahar: jirgin ƙasa zuwa Zariya, horon makonni kaɗan, saukowa Ikko, yadda aka loda su a jirgin ruwa a Apapa shi da bai taɓa ganin ruwan da ya fi kogin garinsu ba, aman da suka yi ta yi, da yadda ya koyi cin garin rogo da kifin gwangwani. A cikin samarin nan huɗu shi kaɗai ya dawo, kuma da kansa ya kawo wannan maganar, ba wanda ya tambaye shi.

Irin waɗannan tambayoyi za ki koya musu. Me kake yi kafin ka shiga soja? Me ya sa ka shiga, talauci ne, ko zuga, ko fushin abin da ya faru a 1966, ko bin aboki? Nawa ne albashinka na farko, me ka saya da shi? Me kuke ci, wa ke dafawa? Yaya kuke salla ko addu'a a rami, yaya kuka yi da azumi? Wa ke rubuta maka wasiƙa zuwa gida? Wane ne amininka, ɗan wane gari ne? Kana ina ka ji an ce yaƙi ya ƙare, wa ya gaya maka? Da ka dawo, wa ka fara gani? Me ya zaunar da kai a Legas? Su bi rayuwar mutumin daga yarinta zuwa yau, yaƙin zai shigo da kansa a inda ya dace. Tambaya ɗaya a lokaci ɗaya. In ya yi shiru kada su yi saurin cike wurin, su ƙirga goma a zuci. In ya ɓalle zuwa labarin tsadar shinkafa su bar shi ya gama, sannan su ce "Baba, ɗazu ka ce kun isa Kalaba." Yaro ɗaya ya yi tambaya, ɗaya ya kula da waya, ɗaya ya rubuta sunayen garuruwa da mutane yadda aka faɗe su.

Inda za a taka a hankali

Tambaya ɗaya ce nake haramtawa gaba ɗaya: "Mutum nawa ka kashe?" Samari suna son ta, fina-finai sun sa musu ita a baki. Na taɓa kai yara wajen wani dattijo a Idi-Araba ban yi musu wannan gargaɗi ba, wani ya jefa ta. Dattijon ya dubi bango, ya ce lokacin la'asar ya yi, alhali da saura, ya ɗauki butarsa. Bai sake ba mu lokaci ba har Allah ya yi masa rasuwa. Laifina ne, kuma har yau abin yana damuna.

Ki gaya wa yara cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da mutum ya zaɓi ya binne haƙƙinsa ne. In idonsa ya kawo ruwa, ko muryarsa ta fara rawa, ko ya fara zufa yana waige-waige, a kashe waya, a ba shi ruwa, a tambaye shi ko a bari sai wani jiƙon. Kada a tashi a bar shi a cikin wannan hali. A ja hirar zuwa jikoki ko kasuwa har ya dawo daidai, a kuma sanar da wani a gidan. Ni malamin tarihi ne, ba likitan ƙwaƙwalwa ba, don haka in iyalinsa suka ce hirar tana hana shi barci ko tana tayar masa da firgita, a dakatar da ita nan take, a ba su shawarar ganin likita. Babu makin da ya kai wannan. Su ma yaran, ki zauna da su bayan kowace fita ki ji abin da ya tsaya musu a rai.

Akwai kuma ɗaya gefen. Wani tsohon zai faɗi abu mai nauyi ba a tambaye shi ba: abin da ya gani a Asaba a Oktoban 1967 inda sojojin tarayya suka kashe ɗaruruwan fararen hula maza, ko yaran da yunwa ta kumbura wa ciki, ko matan da aka ɗauke da ƙarfi. Wani kuma zai yi magana a kan Ibo da kalmomin da aka saba a bakin daga. Yara kada su yi gardama da shi, kada kuma su goge. Su kawo miki, ke za ki yanke abin da zai shiga kundi da abin da za a adana a rufe. In an ambaci sunan wani da laifi, a cire sunan daga abin da za a buga. Kuma tunda a Legas kuke, ina ba ki shawara da babbar murya: ki nemi ko da mutum biyu daga ɗaya ɓangaren, tsohon sojan Biyafara ko wadda ta yi gudun hijira tana yarinya. Suna nan a Ajegunle da Festac da Alaba, wataƙila ma kakannin wasu 'yan makarantarku ne. Yaron Bahaushe da ya zauna gaban tsohuwar da ta gaya masa yadda ta binne ƙanenta a hanya ya koyi abin da babu darasin da zai koya masa, haka ma ɗan Ibo da ya ji labarin samarin nan huɗu na cikin hoto.

Tsoho yana mantuwa, littafi ma yana da giɓi

Wannan hanya tana da iyakarta, kuma gara yara su san ta tun wuri. Bayan shekara hamsin, kwanan wata yana zamewa, wurare biyu suna haɗewa su zama ɗaya, abin da mutum ya ji a rediyo ko a bakin aboki yana komawa kamar shi ya gani. Farabiti kuma ramin da yake ciki kawai ya sani, bai san abin da ake ƙullawa a hedikwata ba. Wani yakan ƙara gishiri, wani yakan rage don kunya. Wannan ba ƙarya ba ce, haka tunanin ɗan Adam yake.

Maganinsa tambaya ɗaya ce da za su riƙa yi cikin ladabi: "Baba, wannan da idonka ka gani, ko labari aka ba ka?" Sai kuma a ɗaure labarin da abin da aka san lokacinsa. Kafin canjin takardun kuɗi na Janairun 1968 ne ko bayansa? Damina ce ko rani? Adekunle ne kwamanda ko Obasanjo ya zo? An koma tuƙi a hannun dama, wato 1972, ko tukuna? Fam ake kashewa ko naira, wadda ta shigo a 1973? Kafin ƙarin albashin Udoji ko bayansa? Takardar sallama ita ma shaida ce: tana ɗauke da lambar soja da ranar shiga da ranar fita. A ɗauki hotonta a gabansa a mayar masa a hannu, kada a taɓa fita da ita daga gidan ko da ya ce a tafi da ita. In abin da ya faɗa ya saɓa da littafi, a rubuta nasa yadda ya faɗa, a sa bayani a ƙasa. Wannan kwatantawa ita ce ainihin darasin Tarihi a cikin aikin, kuma a kanta ya kamata ki ba da maki mafi yawa. Ɗalibin da ya nace, ki nuna masa cewa akwai gidajen adana takardun tarihi na ƙasa a Ibadan da Kaduna da Inugu, da gidan tarihin yaƙi a Umuahia. A nan kusa kuma, ki kai ajin gidan tarihi na Onikan su ga motar da aka harbe Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, su taka zuwa dandalin Tafawa Balewa inda aka kafa abin tunawa da sojojin da suka mutu.

Waya, rubutu da ajiya

Wayar hannu ta isa. A cika ta da caji, a rufe layinta don kada kira ya katse, a ɗora ta a kan ɗankwali ko hula kusa da bakin mai magana. Babban abokin gabarku a Legas hayaniya ce: janareta, injin markaɗe, lasifika, fanka. A gwada minti ɗaya a saurara kafin a fara. A farkon kowace ɗauka yaro ya faɗi kwanan wata da wuri da sunayen waɗanda ke zaune, sannan tsohon ya faɗa da bakinsa cewa ya yarda a naɗi muryarsa, da ko yana so a sa sunansa ko a sakaya. Hoto da bidiyo izininsu daban. Ki kafa doka mai tsanani cewa babu wanda zai ɗora ko da daƙiƙa goma a TikTok ko WhatsApp.

A daren ranar a kwafe sautin zuwa kwamfutar makaranta da wani wuri na biyu, domin waya tana faɗuwa, ana kuma fizge ta a tasha. Rubutawa ita ce wahalar: a gwajina, hirar awa ɗaya tana cin awa biyar zuwa shida kafin yaro ya mayar da ita takarda, don haka tsoho ɗaya ya ishi rukuni ɗaya a zango. Su rubuta da Hausar da ya yi, da Burokansa, da karin harshensa in Basakkwace ne ko mutumin Zuru. Kada su gyara masa zance ya koma Hausar littafi. Fassarar Turanci, in makaranta na so, ta zo daga baya a gefe.

Da an gama, kowane rukuni ya koma da kwafi biyu a hannu, ɗaya na takarda ɗaya na sauti a katin waya, a ba tsohon a gaban 'ya'yansa. In kin fara a zangon farko, ki sa ranar gabatar da kundin ta faɗo kusa da 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Ki aika musu da takardar gayyata da sunan kowa da muƙaminsa, ki tanadi motar da za ta ɗauko su ta mayar da su, ki sa kujerunsu a inuwa a sahun gaba, ki kuma gaya musu tun da wuri cewa duk mai lambar yabo ya zo da ita a ƙirji.